Girka Janareta Mai Amfani da Man Gas a Kan Jirgin Ruwa: Bayani ga Manoman Rani da Masunta na Yankin Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Kudancin Jihar Katsina, wato ƙasar da ta tashi daga Funtua da Ɗandume da Ɗanja ta ratsa Bakori da Kafur har zuwa Malumfashi, ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken suya da tumatir. Ba ƙasar manyan koguna ba ce, duk da cewa daga wajejen Funtua ne Kogin Sakkwato ya faro. Ruwan da ake shiga da jirgi a wannan yanki na madatsu ne: Mairuwa da Gwaigwaye a kusa da Funtua, da madatsar Malumfashi, da ƙananan madatsun ƙasa irin waɗanda aka gina a zamanin Shirin Raya Aikin Gona na Funtua, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya. Saboda haka janareta a kan jirgi ba abu ne da idon mutanen yankin ya saba da shi ba, kamar yadda aka saba da jiragen inji a Yawuri ko a bakin Tafkin Cadi.

Sai dai buƙatar takan taso, kuma dalilinta sananne ne ga duk wanda ya taɓa noman rani a bakin dam. Daga Janairu zuwa Afrilu ruwa yana ja da baya, yana barin taɓo a inda yake a da, manomi kuma yana bin sa da inji da mesa. Famfon da ke zaune a tudu ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita shida zuwa bakwai, komai ƙarfin injinsa, domin nauyin iskar sararin samaniya ne ke tura ruwan cikin mesa. Idan tazarar ta yi yawa, sai tunani ya zo na a ɗora injin a kan ruwan kansa, ya riƙa sauka tare da shi. Masunta kuma suna son haske da sanyin ajiyar kifi. Wannan bayani an shirya shi ne domin waɗanda ke da irin wannan niyya, da kuma dagatai da sarakunan ruwa da jami'an ƙananan hukumomi waɗanda za a nemi izininsu.

Asalin abin

Injin man gas ya samo sunansa na dizal daga Rudolf Diesel, Bajamushen da injinsa ya fara aiki sosai a 1897. A 1903 aka ƙera wani jirgin dakon mai na kogi a Rasha mai suna Vandal, wanda injinsa na man gas ke juya janareta, wutar kuma ta tuƙa jirgin. Misalin da ya fi kusa da halin manomi shi ne na ƙasar Bangaladash, inda tun daga shekarun 1980 mutanen karkara suka riƙa ɗora ƙananan injinan ban ruwa na man gas a kan jiragensu na katako. Dabarar ta daɗe a duniya, haka ma sanin haɗurranta.

An fi zaɓar man gas a kan fetur a cikin jirgi saboda dalili ɗaya babba. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa da wuta ko da a cikin tsananin sanyi, tururin kuma ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a cikin ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi. Man gas ba ya fitar da irin wannan tururi sai zafinsa ya haura digiri hamsin a ma'aunin Salshiyas. Abin da ake biya a madadin wannan aminci shi ne nauyi, domin injin man gas ya fi takwaransa na fetur nauyi ƙwarai.

Tambayar da ya kamata a fara da ita

Kafin a sayi ko kusa ɗaya, a tambayi kai: shin dole ne janaretan ya hau ruwa? A mafi yawan gonakin bakin dam amsar ita ce a'a. Ana iya barin janareta a tudu a ƙarƙashin rumfa, a ɗora famfon lantarki kaɗai a kan ƙaramin dandamali mai yawo a ruwa, a ja masa waya mai kauri wadda aka yi domin ruwa. Famfo mai kilo ashirin ko talatin ya fi sauƙin ɗauka a kan ruwa bisa injin da ya haura kilo ɗari, man kuma yana can nesa da ruwan sha. Wanda haske kawai yake so a jirginsa, batir da faifan sola sun ishe shi, ba shi da buƙatar janareta ko kaɗan. A ganinmu, sai an rasa waɗannan hanyoyi biyu ne ya dace a koma ga abin da ke biye.

Nauyi da daidaito

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yana nitsewa ne gwargwadon nauyin ruwan da ya ture. Duk kilon da aka ƙara masa, sai bakinsa ya ƙara kusantar ruwa.

A ɗauki ƙaramin janareta na man gas wanda aka rubuta kVA 5 a jikinsa. Buɗaɗɗe yakan kai kilo ɗari, mai akwatin rage ƙara kuma yakan kai kilo 150 zuwa 180. A ƙara masa lita hamsin ta man gas, wato kimanin kilo 42, da batir, da katakon da zai zauna a kai, da kayan gyara. Jimilla ta doshi kilo 260, nauyin manyan mutane huɗu ke nan waɗanda ba sa sauka daga jirgin dare da rana. Jirgin da yake ɗaukar mutum goma a da, yanzu na mutum shida ne, kuma mai jirgin da ya ci gaba da ɗaukar goma ya yi lodin da ya wuce kima ko da kuwa idonsa na ganin akwai sauran wurin zama. Tsofaffin injinan nan masu manyan ƙafafun ƙarfe, irin na niƙa, waɗanda kan haura kilo ɗari uku, ba na kan ƙaramin jirgi ba ne sam.

Arewacin Nijeriya ya ga abin da lodi ke jawowa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya tarwatse da fasinjoji da babura, aka yi asarar rayuka masu yawan gaske. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A Mayun 2022, cikin bukukuwan Sallah, irin haka ta faru a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa a nan Jihar Katsina, yara da dama suka rasu. Babu janareta a cikin waɗannan labarai, amma biyun ƙarshe sun nuna cewa ruwan dam da na tafki, duk da kwanciyarsa, yana cin jirgi kamar yadda kogi ke ci.

Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, mai ƙunci da zagayayyen ƙasa, bai dace da wannan aiki ba. Abin da ya dace shi ne jirgin katako ko na ƙarfe mai faɗi da shimfiɗaɗɗen ƙasa, ko kuma dandamali da aka ɗaure a kan durom-durom. Lissafin dandamalin ma a fili yake. Durom mai cin lita 200 yana ture kilo 200 idan ya nitse gaba ɗaya, amma bai kamata ya nitse fiye da rabi ba. Durom takwas ke nan za su ɗauki kilo 800 cikin aminci, a cire nauyin durom ɗin da na katako da na ƙarfen ɗauri, wanda zai iya kai kilo 300, saura kimanin kilo 500 na inji da famfo da mai da mutum biyu masu aiki. Dandamali mai faɗi ya fi dogo siriri, domin idan mutum biyu suka taru a gefe ɗaya suna jan mesa, faɗin ne ke hana shi juyewa.

A cikin jirgi, injin ya zauna a tsakiya, daidai kan layin da ya raba dama da hagu, kuma a ƙasa iyakar yadda zai yiwu ba tare da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi ya taɓa shi ba. Nauyin da ke sama shi ke kifar da jirgi. A jera tsawon injin da tsawon jirgin. Bayan an gama girkawa, a cika tanki, a shigar da adadin mutanen da aka amince da shi, sannan a ja layin fenti a jikin jirgin daidai inda ruwa ya tsaya. Idan tazarar da ke tsakanin wannan layi da bakin jirgi ba ta wuce taƙi ɗaya ba, injin ya fi ƙarfin jirgin.

Zaunar da inji

Injin man gas mai silinda ɗaya yana jijjiga sosai, jijjigar kuma maƙiyiyar jirgin katako ce: tana sassauta ƙusoshi, tana buɗe haɗin katako, tana zubar da abin da aka toshe tsaguwa da shi. Saboda haka ba a ɗaure inji kai tsaye a jikin katakon ƙasan jirgi, ba a kuma huda ƙasan jirgi domin noti. A shimfiɗa katako biyu masu kauri bisa tsawon jirgin, su haye haƙarƙarinsa uku ko huɗu domin nauyin ya rarrabu, a ɗaure su da kusoshi masu noti, sannan injin ya zauna a kansu bisa matasan roba guda huɗu. Igiya da tsohuwar taya ba sa maye gurbin wannan. Injin da ya zame taƙi biyu zuwa gefe a lokacin da iska ta taso ya isa ya kifar da jirgi. A ƙarƙashinsa a sa faranti na ƙarfe mai ɗan zurfi wanda zai tare duk man da ya ɗiga.

A tuna kuma cewa janaretan da ake sayarwa a kasuwa an ƙera shi ne domin ya zauna a ƙasa madaidaiciya. Idan jirgi yana karkata da yawa, baƙin mai yakan taru a gefe ɗaya, injin ya rasa shi a inda yake buƙata.

Zaɓen girman inji

Wutar da kayan aikinmu ke amfani da ita a Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, kuma domin samar da ita janareta yana juyawa sau 3,000 ko sau 1,500 a minti ɗaya. Mai juyi 1,500 ya fi daɗewa, ya fi ƙarancin ƙara, amma ya fi nauyi da tsada. Janareta mai kVA 5 ainihin aikin da yake bayarwa kimanin kilowat huɗu ne. Famfon lantarki kuwa yana jan wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin tashinsa, shi ya sa famfo mai ƙarfin doki biyu, wato kilowat ɗaya da rabi, yake buƙatar janareta irin wannan ba ƙarami ba. Wuce gona da iri ma kuskure ne: injin man gas da ke yini yana aiki a ƙasa da sulusin ƙarfinsa ba ya ƙone mai da kyau, sai salansa ta cika da baƙin danƙo. Ƙaramin inji irin wanda muka ambata yakan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa.

Iska, sanyaya da hayaƙi

Inji mai sanyaya kansa da iska shi ya fi sauƙi a madatsunmu, muddin ba a kulle shi cikin akwatin da babu mashigar iska ba. A yi masa rumfar kwano mai buɗaɗɗun gefuna. Manyan jiragen ruwa suna zuƙo ruwan da suke kai domin sanyaya inji, amma ruwan dam a ƙarshen rani cike yake da laka da ciyawa da kainuwa, yana toshe bututu cikin ɗan lokaci, inji ya yi zafi ya ƙone. Wanda ya bi wannan hanya dole ya sa rariya a bakin mesa, ya riƙa wanke ta kullum. A lokacin hunturu kuma ƙura tana cika matacin iska ko da a tsakiyar ruwa ne.

Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Gaskiya ne injin man gas yana fitar da ita ƙasa da na fetur, amma wannan bai zama dalilin sakaci ba. A ƙara wa salansa bututun ƙarfe ya hau sama da kan mutanen da ke zaune, bakinsa ya kalli waje, a lanƙwasa ƙarshensa domin kada ruwan sama ya shiga. Inda bututun ya ratsa kusa da katako ko tamfol a bar tazara, a naɗe shi da abin da ba ya cin wuta. Kada kowa ya kwana a ƙarƙashin rumfa ɗaya da inji mai aiki. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya a kusa da inji alamu ne na a kashe shi nan take a fita sarari.

Wutar lantarki a kan ruwa

A tudu, wayar da ta kware takan ja mutum ya yi tsalle ya tsira. A cikin ruwa, wuta kaɗan ta isa ta sandarar da gaɓoɓin mai iyo, ya nitse ba tare da ya iya kururuwa ba, a ɗauka ruwa ne kawai ya ci shi. Haɗarin ya fi tsanani a ruwan daɗi irin na madatsu bisa ruwan teku, domin jikin ɗan Adam ya fi ruwan daɗi saurin ɗaukar wuta, sai ta zaɓi bi ta jikinsa. Madatsunmu kuwa wuraren wanka ne na yara, da wanki, da shayar da shanu.

Don haka aikin waya na ƙwararren mai gyaran wuta ne. Dole a sa na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara zurara, mai ma'aunin miliamfiya 30, a daidai mafitar janareta. Wannan na'ura ba fis ba ce: fis yana kare waya daga ƙonewa, ita kuwa rai take karewa. Mai gyaran ya tabbatar an haɗa jikin janareta da jikin famfo da duk wani ƙarfen jirgi da wayar ƙasa, ya kuma gwada ya ga na'urar tana katsewa da gaske, domin a wasu ƙananan janaretoci haɗin cikinsu ba ya barin ta yi aiki sai an gyara shi. Waya ta zama guda ɗaya daga inji zuwa famfo, ba mai ɗauri da leda ko salatif ba. Soket da makunni su kasance a sama, cikin akwati mai murfi. Kuma muddin inji yana aiki, kada a bar kowa ya shiga ruwa a kusa da shi.

Akwai wani abu da ya kamata sarakunan ruwa su sa wa ido. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da wutar lantarki, kamar yadda ta haramta guba da nakiya, saboda suna kashe manya da ƙanana har da ƙwai.

Mai da ruwan sha

Madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da Malumfashi an gina su ne da nufin samar wa garuruwa ruwan sha, kuma man gas kaɗan ya isa ya ɓata ɗanɗano da warin ruwa mai yawa. Wannan ne ya sa ba a ɗora inji a kan irin waɗannan madatsu sai da izinin hukumar da ke kula da su, wato Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jiha, ko Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a madatsun da ke hannunta, kamar Zobe ta wajen Dutsin-ma. Inda aka ba da izini, a nisanci wurin da ake zuƙar ruwan gari. A zuba mai da mazurari bayan an kashe inji ya huce, a ɗaure jarka kada ta yi birgima, kada a ɗauki fiye da man yini ɗaya ko biyu. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda da bokitin yashi a inda hannu zai kai, domin ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi.

Abin da ya rataya a wuyan shugabanni

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta daɗe tana gargaɗi a kan lodi da tafiyar dare da shiga jirgi ba rigar kariya. Amma jami'anta ba za su kasance a bakin kowane dam na ƙauye ba. Wanda ke wurin kullum shi ne sarkin ruwa da mai unguwa da malamin gona. Zai yi kyau kowace ƙaramar hukuma da ke da madatsa ta riƙe rajistar jiragen da ke ɗauke da inji, da sunan mai shi, da adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka bayan girkawa. Jirgin da aka mayar na ban ruwa kada a bari ya koma fiton mutane ranar kasuwa ko ranar biki da injin a cikinsa. A nan ne aka fi jin kunyar hanawa, musamman idan mai jirgin ɗan gari ne kuma masu son hayewa 'yan uwa ne.

Kulawa da ƙarshen kaka

Kowace safiya a duba baƙin mai, a kwashe ruwan gindin jirgi, a taɓa notocin matasan roba, a danna maɓallin gwaji na na'urar katse wuta. A canza baƙin mai bisa awannin da littafin injin ya faɗa, a yi hakan a tudu, tsohon man kuma a tara shi a jarka. Laimar ruwa tana sa ruwa ya taru a cikin tankin mai, saboda haka a riƙa tsiyaye ƙasan tankin lokaci lokaci.

Dandamali ya kasance da anga da kuma igiya ta biyu da aka ɗaure a tudu. Iskar da ke gabatar hadarin farkon damina, a watannin Mayu da Yuni, tana tasowa ba sallama, ita ce kuma ta fi tayar da igiyar ruwa a madatsu. Da zarar ruwan sama ya zauna, ban ruwa ya ƙare, sai a sauke injin a kai shi gida, a jawo dandamalin tudu tun kafin dam ya cika ya fara tumbatsa ta mafitarsa a watan Agusta. A lokacin ne ake duba durom ɗaya bayan ɗaya: wanda aka girgiza aka ji motsin ruwa a cikinsa ya huje, a canza shi kafin rani ya zagayo.